Ungulu da aikin likitocin dabbobi a kan iyakar Jibiya

A da, da wuya a yi yanka a mahauta ko a ci kasuwar ƙauye a arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba a ga ungulu ba. Yanzu kuwa ta yi wuyar gani a yankin baki ɗaya, ciki har da garuruwan kan iyaka irin su Bugaje da ke ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina.

A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun da aka saba gani a cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, saboda haka ceto ko da guda ɗaya da ta ji rauni ba ƙaramin abu ba ne.

Me ke kashe su?

Masana sun ce manyan dalilan su ne guba, da sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai, da kuma cinikin sassan jikinsu domin haɗa magani da tsibbu.

Wannan ciniki bai san iyaka ba. A shekarar 2014 wani mafarauci da ya fito daga Najeriya ya kashe wata ungulun Masar mai suna Paschalis a kudancin Nijar. Masu bincike a ƙasar Girka ne suka maƙala mata na'urar bin sawu, kuma ta hanyar na'urar aka gano abin da ya faru.

A Guinea Bissau ma, guba ta hallaka ungulaye fiye da 2,000 a shekarar 2020.

Inda ake koyon aikin

Karatun likitan dabbobi shekara shida ne a Najeriya, kuma ɗalibai kan yi shekarun ƙarshe suna aiki a asibitin koyarwa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe tsangayarta a tsakiyar shekarun 1960, ita kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a shekarun 1980.

Galibin horon ya shafi shanu da tumaki da awaki da kaji, amma akwai darussa kan lafiyar namun daji.

Yadda ake jinyarsu

Matakin farko shi ne a rufe wa tsuntsun kai da ƙyalle, a sa shi a cikin kwali mai duhu domin ya natsu.

Shaho da gaggafa da mujiya da farce suke kai hari, don haka ƙafafunsu ake fara riƙewa. Ungulu kuwa da baki take kare kanta, kuma takan yi amai idan ta tsorata.

Idan karaya ce a fiffike, akan ɗauki hoton ƙashi, sannan a ɗaure ko a yi tiyata. Idan kuma guba ce ta wasu magungunan ƙwari, akan yi allurar atropine, a kuma yi ƙarin ruwa.

Ba kowane magani ne ake ba ta ba. Diclofenac da ake yi wa shanu shi ne ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu a Indiya, har aka haramta ba dabbobi shi a shekarar 2006.

Hattara

Likitoci na gargaɗin kada a taɓa tsuntsun da ba shi da lafiya da hannu tsirara, saboda murar tsuntsaye. An tabbatar da ɓullar cutar a Jaji ta jihar Kaduna da kuma Magarya ta Nijar a watan Fabrairun 2006, kuma a shekarar an same ta a jikin ungulaye a Burkina Faso.

Sun ce wanda ya tsinci irin wannan tsuntsu ya sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi mafi kusa, domin duk inda ungulu ta ɓace, mushe kan daɗe a fili, karnuka da ƙudaje su yawaita.