Daga Marpessa Zuwa Malanville: Tarihin Dokokin Kare Jiragen Dakon Mai Daga Gobara

Gabatarwa

Malanville gari ne da ke gaɓar Kogin Kwara a arewacin Benin, daura da Gaya ta Nijar. Ba ya bakin teku, amma ta yankinsa ne bututun ɗanyen man Agadem ya ratsa zuwa tashar Seme, inda jirgin dako na farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. Saboda haka, dokokin da ke kare irin waɗannan jirage daga gobara sun shafi arzikin ƙasashen biyu.

Asalin Dokokin

An ƙulla yarjejeniyar SOLAS ta farko a 1914, bayan nutsewar Titanic a 1912. Wadda ake aiki da ita yau ta 1974 ce, ta kuma fara aiki a 1980. Daga cikin sharuɗɗanta akwai hana ƙona man da tururinsa ke kama wuta a zafin da bai kai digiri 60 a ma'aunin Salsiyos ba, walau a injin jirgi ko a tukunyar tururinsa. Hikimar ita ce, ɗakin inji wuri ne mai zafi, kuma tururin mai ne ke fara kama wuta, ba ruwansa ba.

Darasin 1969

A watan Disambar 1969 manyan jiragen dako uku suka yi bindiga a tekun Afirka yayin wanke tankunansu. Marpessa ya nutse daura da Senegal, Mactra ya ƙone a mashigin Mozambik, shi kuwa Kong Haakon VII daura da Laberiya abin ya same shi. Bincike ya danganta abin da tartsatsin lantarki da feshin ruwa ke haifarwa cikin tanki mai cike da tururin mai da iska.

Maganin kuwa daga tukunyar tururin ya fito. Akan sanyaya hayaƙinta, a tace, a tura shi cikin tankuna har iskar oksijin ta koma ƙasa da kashi 8 cikin 100, inda wuta ba ta iya tashi. Yarjejeniyar 1974 ta wajabta wannan tsari ga manyan jirage, aka faɗaɗa shi a 1978.

Kammalawa

A tudu lamarin ya sha bamban. Gobarar rumbun fetur na fasa-ƙwauri a Seme-Krake, ranar 23 ga Satumbar 2023, ta halaka mutum fiye da 30. Halin tururin mai ɗaya ne a teku da tudu. Abin da jirage suka fi rumbunan kan iyaka da shi shi ne doka da masu duba aiki da ita.