Ɗingishin Goɗiya da Maiƙon Jini

A jikin doki aka fara gane wannan cuta. A shekarar 1831 wani likitan dabbobi a birnin Faris, mai suna Bouley, ya ba da labarin wata goɗiya wadda in ta yi gudu kaɗan sai ta soma ɗingishi, in ta huta sai ta warware. Da ta mutu aka feɗe ta, sai aka tarar jijiyoyin da ke kai jini ƙafafunta na baya sun toshe. A 1858 Charcot ya bayyana irin wannan a jikin mutum: sharaɓa ta ƙage da ciwo in an taka, ta saki in an tsaya, domin nama na neman jinin da jijiya ta kasa kawowa.

To, amma me ke cushe jijiyar? Likitocin zamanin suka ɗora wa tsufa laifi, ga shi kuwa tsufa ba shi da magani.

A 1913, a birnin Santa Fitasbag na Rasha, Anichkov ya ciyar da zomaye wani maiƙo da ake kira kolestarol, sai ya ga ya taru a bangon jijiyoyinsu kamar yadda ake gani a gawar mutane. Amsa ta samu ke nan, amma aka yi watsi da ita shekara da shekaru. Hujjar masu musu ita ce zomo ciyawa yake ci, ba a auna mutum da shi. Hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, sai dai ta yi tsada, don a tsawon wannan jayayya an yi ta yanke ƙafafun da suka ruɓe.

Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka soma a 1948, shi ya nuna haɗarin yawan maiƙon jini a jikin mutane, tare da hawan jini, shan taba da ciwon sukari. A 1973 Akira Endo na Japan ya samo a cikin fumfuna sinadarin da ya zama tushen magungunan sitatin. Sannan a 2002 masanan Okusfod suka fitar da sakamakon gwajin mutum fiye da 20,000, cikinsu har da dubban masu toshewar jijiyar ƙafa: maganin ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ashe ɗingishin ɗan aike ne, yana kawo labarin abin da ke faruwa a jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa.