Tarihin Yadda Waya Ta Fara Faɗin Halin Hanya

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani direba mai sauraronmu a Gwaram, wanda ke jigila tsakanin Gwaram, Birnin Kudu da Kano. Yana cewa: "Yarona ya nuna mini taswira a waya, hanya ta yi ja a Wudil, da muka isa kuwa muka tarar da cunkoso. Wa ya gaya wa wayar, kuma yaushe aka fara wannan abu?"

To malam direba, da kai mai karatu, sanin halin hanya tun kafin a kai gare ta daɗaɗɗen abu ne. Fataken da suka bi hanyar Gwanja sayen goro, madugunsu ba ya tashi daga zango sai ya ji labarin gaba daga bakin ayarin da ya fito can. Da mota ta zo, tasha ta gaji zango. Ɗan kamasho ya san inda ruwa ya ci hanya, direban da ke tahowa ya yi maka fitila ko ya yi nuni da hannu, wanda motarsa ta lalace kuma ya jera ganye a kan kwalta. Wato dai matafiyi ne ke ba matafiyi labari.

Ita kuwa waya, labarinta ya faro ne daga sojojin Amurka, waɗanda suka harba tauraron ɗan Adam na farko na tsarin GPS a 1978. A 1983, bayan Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya kauce hanya, Shugaba Reagan ya ce za a bar farar hula su ma su amfana da tsarin. Ya kammala a 1995 da taurari 24, masu kewaya duniya daga nisan kilomita wajen 20,000. Amma da gangan aka rage wa farar hula daidaitonsa, sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya ɗage wannan takunkumi. Mu nan Nijeriya, a 2001 ne wayar GSM ta shigo.

Kamfanin Google ya fito da taswirarsa a 2005, ya kuma fara nuna cunkoso a wasu biranen Amurka a 2007. Da fari ya dogara ne da na'urorin da hukumomi suka kafa a manyan hanyoyi. A 2009 ya bayyana cewa yana amfani da wayoyin matafiya su kansu. A 2013 kuma ya sayi Waze, wata manhaja ta Isra'ila wadda direbobi ke shigar da rahoton haɗari ko rufe hanya da hannunsu, a kan kuɗi kimanin dala biliyan ɗaya.

Ga yadda abin yake. Wayarka na lissafin inda take daga saƙon taurari aƙalla huɗu. In ka bar ta a buɗe, sai ta riƙa aika wa kamfanin wurin da take da saurin tafiyarta. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, wayoyi da dama na aljihun fasinjoji suna rarrafe a bakin gada, sai kwamfuta ta shafa wa wurin ja. In tafiya ta ɗan yi nauyi, ruwan lemo. In hanya ta buɗe, kore. Ka ga ashe ba ido ne a sama ke kallon motoci ba. Alal misali, wani mai fasaha a Balin ta ƙasar Jamus ya zuba wayoyi 99 a ɗan amalanke, ya ja su a titin da ba kowa, sai taswira ta nuna cunkoso.

A nan ne fa nake so ka tsaya ka yi tunani. Inda wayoyi suka yi yawa, kamar cikin Kano, labarin kan yi daidai. Amma hanyar karkara da asuba, inda motoci jefi-jefi ne kuma sabis na ɗaukewa, waya ba ta da wanda zai gaya mata komai, sai ta nuna maka hanyar kamar lafiya lau. Mutanen Gwaram ba za su manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada kusa da ƙauyen Radabi a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, matafiya suka afka ciki, mutum 21 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. Gadar da ta karye ba ta da waya, balle ta aika da saƙo.

Saboda haka malam direba, yi amfani da taswira don kauce wa cunkoson gari, amma yaronka ya riƙe wayar, kai ka riƙe sitiyari. Da damina kuwa, kafin ka bar Birnin Kudu, tambayi wanda ya fito Gwaram yanzu-yanzu, in ka ga ɓarna a hanya kuma ka tsai da na bayanka ka gaya masa. Matambayi ba ya ɓata. Da fatan ka gamsu, sai mun ji daga gare ku.