Zare: Wa ya ba hukuma izinin leƙa ɗakinka saboda taba?

1/ Da na je hutu gida Tozai, na tarar 'yan sintirin unguwa sun kutsa ɗakin wani abokina sun ɗauke tukunyar shisharsa, babu takarda babu sallama. Ni ba na sha, warinta ma hawa min kai yake. Amma abin ya tsaya min a rai, sai na koma tarihi.

2/ Rigimar nan ta tsufa fa. Taba ta iso ƙasashenmu wajen ƙarshen ƙarni na 16, malamai suka rabu a kanta. A 1607 Ahmad Baba, babban malamin Tumbuktu, ya yi fatawa cewa ba haram ba ce tunda ba ta gusar da hankali. Wasu suka ce sam.

3/ A Istanbul, Sarki Murad na Huɗu ya hana ta a 1633 bayan wata babbar gobara. Ya rufe gidajen gahawa, aka riƙa kashe masu sha. Ya rasu a 1640. Ba a daɗe ba daular ta sassauta, ƙarshe ma ta koma karɓar haraji a kan tabar.

4/ Wanda ya fi kusa da mu shi ne Masina, a Mali ta yau. Shehu Ahmadu, wanda ya yi jihadinsa bayan na Shehu Usmanu, ya kafa Hamdullahi ya haramta taba a daularsa. Da ikonsa ya kai Tumbuktu wajen 1826, dokar ta bi shi.

5/ Sai dai Kuntawa, gidan malamai kuma manyan fataken taba a Sahara, ba su yarda ba. Hujjarsu: abin da malamai suka yi saɓani a kai, sarki ba ya tilasta wa jama'a ra'ayi ɗaya. Eh, akwai kasuwarsu a ciki, ban musa ba. Amma hujjar tana da ƙarfi. Daular ta faɗi a 1862, taba tana nan.

6/ Mu dawo Najeriya. Dokar soja ta 1990, zamanin Babangida, ta hana shan taba a wuraren jama'a irin su makarantu, asibitoci da motocin haya. Ta 2015 ta ƙara da hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, da hana sayar da ita kara-kara.

7/ Ku lura: duk biyun suna kare wanda bai sha ba ne daga hayaƙin wani. Wannan ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai busa sigari a mota daga Illela zuwa Sakkwato ya san dalili.

8/ Amma ku je wajen kowane mai tebur a bakin iyaka, kara ɗaya zai miƙo muku, ko yaro aka aika. Dokar da ke rubuce ba mai aiki da ita, sai wadda ba a rubuta ba ake fasa ƙofa a kanta. Kuma addininmu da kansa ya hana leƙen asirin mutane da shiga gida ba izini.

9/ Na ba Kawu labarin Murad yana gyara garin tabarsa a leɓe. Ya ce, "Ɗana, shekara talatin likita na roƙona in bari, kuma gaskiyarsa ce. Amma ko shi sai ya yi sallama yake shigowa."

10/ Tukunyar dai har yau ba a mayar ba.