Tarihin Wa'adin Ɗaukaka Ƙara a Amurka Game da Mutumin da Ba Shi da Lauya

A kotunan tarayyar Amurka, wanda aka yanke wa shari'a bai gamsu ba yana da kwanaki ƙidayayyu da zai kai takardar ɗaukaka ƙara ga akawun kotu. A shari'ar da ba ta laifi ba, wa'adin kwana 30 ne daga ranar da aka rubuta hukunci. A shari'ar laifi kuwa kwana 10 ne a da, sai a cikin 2009 aka mai da shi 14. Manufar wannan doka ita ce kowace shari'a ta sami ƙarshe, wanda ya ci ya san ya ci. Ga mai lauya abin ba wuya, gama lauya ya san lissafin kwanaki, yana kuma da masinja. Wahalar tana kan wanda ya tsaya wa kansa, balle in yana kurkuku. Wannan takarda za ta bi yadda Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yi ta sassautawa tana tsanantawa a kan wannan al'amari.

A cikin 1960, a shari'ar Robinson, kotun ta tabbatar cewa wa'adin nan tilas ne, in ya wuce kotun gaba ba ta da ikon sauraron ƙarar sam. Ba a daɗe ba sai ga shari'ar Fallen. Shi wannan mutum shanyayye ne, a keke a ke tura shi. Aka yanke masa ɗauri a Filorida ran 15 ga Janairu 1962, lauyan da kotu ta ba shi ya ce ba zai ci gaba da shi ba, aka kwashe shi zuwa asibitin kurkukun Atlanta. Daga can ya rubuta wasiƙa da kansa ran 23 ga wata, watau saura kwana biyu wa'adi ya cika, amma ba ta isa hannun akawu ba sai ran 29. A cikin 1964 Kotun Ƙoli, ta bakin Babban Joji Earl Warren, ta ce mutumin ya yi iyakar abin da zai iya, saboda haka a saurare shi. Joji huɗu suka so a wuce nan. A ganinsu, ran da fursuna ya danƙa takarda ga gandiroba kamar ya danƙa ta ga akawun kotu ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne William Brennan.

Sai bayan shekara 24 ra'ayin nan ya zama hukunci. A cikin 1988 aka kawo shari'ar Houston, wani fursuna a jihar Tenesi wanda ba shi da lauya. Ya ba hukumar kurkuku takardarsa a rana ta 27, amma hatimin akawu ya nuna rana ta 31. Kotun tsakiya ta kori ƙarar saboda kwana ɗaya tak. Brennan ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, biyar bisa huɗu. Dalilinsa kuwa shi ne: mai 'yanci yana iya zuwa kotu da ƙafarsa, ko ya je gidan waya, ko ya bi sawun takardarsa in ta makara. Fursuna ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, ba shi da hanya sai ta hannun hukumar da sau da yawa ita ce ma abokiyar shari'arsa. Banda haka hukumar kurkuku tana iya ajiye littafin ranakun da ta karɓi wasiƙu, saboda haka ba wuya a tabbatar da gaskiya. Joji Antonin Scalia ya ƙi yarda, ya ce gyara doka aikin masu tsara ta ne. A cikin 1993 aka shigar da wannan ƙa'ida cikin dokokin ɗaukaka ƙara na tarayya.

Amma a cikin 2007 aka koma ga tsanani. A shari'ar Bowles, wani alƙali a Ohayo ya sake buɗe wa fursuna ƙofar ɗaukaka ƙara, ya yi kuskure ya ba shi kwana 17 alhali doka ta ce 14. Aka kai takarda a rana ta 16, cikin wa'adin da alƙali ya faɗa. Ko da ya ke Bowles yana da lauya, hukuncin ya fi yi wa marasa lauya nauyi, gama su ne ba su da abin dogara sai maganar alƙali. Kotun Ƙoli, biyar bisa huɗu, ta bakin Joji Clarence Thomas, ta ce wa'adin da Majalisa ta rubuta cikin doka ba alƙalin da zai iya ƙara masa ko da kwana ɗaya. Joji David Souter ya yi suka mai zafi, ya ce bai kamata kotu ta faɗa wa mutum rana sa'an nan ta hore shi don ya gaskata ta ba.

Shari'ar Hamer ta 2017 ita ce ta rage kaifin wannan. Wata mace ce a Shikago, lauyoyinta suka janye ana saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika. Alƙali ya ƙara mata wata biyu don ta nemi wani, alhali ƙa'idar kotu ta tsaya a kwana 30. Ta kai takardarta da kanta cikin watanni biyun, aka kori ƙarar. Kotun Ƙoli gaba ɗayanta, ta bakin Joji Ruth Bader Ginsburg, ta rarrabe abu biyu. Wa'adin da Majalisa ta sa shi ne ke hana kotu iko. Wanda kotuna suka tsara wa kansu kuwa ƙa'idar aiki ce, abokin shari'a yana iya yafe ta, ko ta faɗi in bai yi magana a kan lokaci ba.

Abin lura a nan shi ne, tun daga 1964 kotun ba ta taɓa cewa rashin lauya shi kaɗai uzuri ne ba. Abin da ta ke dubawa shi ne hannun wa takarda ta ke lokacin da ta makara, sa'an nan kuma wa ya sa wa'adin. In jinkirin na gandiroba ne, ba a ɗora wa fursuna. In kuwa wa'adin na Majalisa ne, ko kuskuren na alƙali ne, mai ƙara shi ke ɗaukar hasara, kuma gyaran wannan yana hannun Majalisa.