Kwantenar manhaja: Yadda ake tura manhajojin da ke tafiyar da intanet, da wanda ke ɗaukar alhakinsu

Duk saƙon da aka tura ta intanet yana ratsa na'urori da dama kafin ya isa inda aka nufa, kuma manhaja ce ke gaya wa kowace na'ura hanyar da za ta bi da shi. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji na buɗaɗɗen tushe ne, wato kowa na iya karanta rubutunsu, ya gyara, ya yi amfani da su kyauta. Daga ciki akwai FRRouting da BIRD masu zaɓar hanya, da BIND mai fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa.

Kuskure kaɗan a wannan fanni na iya shafar duniya. A ranar 12 ga Nuwamba, 2018, wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar da ta nufi Google ta bi ta China da Rasha na sama da awa ɗaya. Saboda haka yadda irin wannan manhaja ke isa hannun injiniyoyi, da wanda ya shirya ta, batu ne na tsaro.

Mene ne kwantena?

An aro sunan daga kwantenar da ake saukewa a tashar jiragen ruwa. A da, injiniya kan sauko da rubutun manhaja, ya nemo duk ƙananan manhajojin da take dogaro da su, sannan ya harhaɗa a kan kwamfutarsa. Idan siga ɗaya ta saɓa, aikin ya tsaya. Kwantena tana tattara manhajar da duk kayan haɗinta cikin ƙunshi guda, wanda zai yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta mai tsarin Linux.

Kamfanin Docker ne ya yaɗa wannan fasaha daga shekarar 2013. A 2015 aka kafa Open Container Initiative a ƙarƙashin Gidauniyar Linux domin a samu ƙa'ida ɗaya, kuma a 2017 ta fitar da cikakkiyar sigar farko ta yadda ƙunshi zai kasance. Ana gina ƙunshin hawa-hawa: ƙaramin tsarin Linux a ƙasa, kayan haɗi a tsakiya, manhajar a sama. Daga nan a ɗora shi a rumbun intanet irin su Docker Hub, ko Quay na kamfanin Red Hat, ko rumbun GitHub, inda kowa zai iya saukewa da umarni guda.

Su wa ke wallafawa?

FRRouting, wadda ta ɓalle daga tsohuwar manhajar Quagga ta fito fili a 2017, tana wallafa ƙunshin sigoginta a Quay, bisa ƙaramin tsarin Alpine Linux. Ƙungiyar ISC ta Amurka, mai kula da BIND, tana wallafa nata a Docker Hub. Tsarin SONiC, wanda Microsoft ya ƙirƙira domin na'urorin manyan cibiyoyin adana bayanai, an gina shi ne kacokan a kan kwantenoni, kuma FRRouting na zaune a ɗaya daga cikinsu.

Amfanin a bayyane yake. Ɗalibi na iya kunna kwantenoni da dama a kwamfutarsa ta hannu, ya haɗa su kamar cibiyar sadarwa ta gaske, ya koyi aiki ba tare da sayen na'ura mai tsada ba. Kamfani kuma na iya gwada sabuwar siga, idan ta ba da matsala ya koma tsohuwar cikin mintuna.

Ina matsalar take?

Idan masu manhaja ba su wallafa ƙunshi da kansu ba, wasu za su yi. Rumbunan a buɗe suke, kowa na iya ɗora ƙunshi ya sa masa sunan fitacciyar manhaja. Mai saukewa ba ya ganin abin da aka zuba a ciki, ya dogara ne kawai ga amanar wanda ya rufe ƙunshin.

Idan kuwa suka wallafa, sun ɗauki nauyin da bai ƙare ranar fitar da siga. Duk kayan haɗin da ke cikin ƙunshin sun zama alhakinsu. Da zarar an gano ɓaraka a ɗaya daga ciki, kamar yadda aka gano ta Heartbleed a OpenSSL a 2014, dole a sake gina ƙunshin ko da ba a taɓa layi ɗaya na manhajar ba. Ga kuma buƙatar gina wa kowane nau'in kwamfuta nasa, musamman amd64 da arm64. Yawancin waɗannan ayyuka kuwa mutane ƙalilan ne ke riƙe da su, wasu ma sa kai suke yi.

Rumbunan su ma ba na jama'a ba ne. A Nuwamban 2020 Docker Hub ya taƙaita saukewa zuwa sau 100 cikin awa 6 ga marasa rajista, da sau 200 ga masu asusun kyauta. A Maris 2023 kamfanin ya sanar da soke asusun ƙungiyoyi na kyauta, wanda ayyukan buɗaɗɗen tushe da dama ke amfani da shi, sannan ya janye kafin watan ya ƙare bayan suka ta yi yawa.

Darasin xz

A ranar 29 ga Maris, 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bayyana cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a manhajar matse fayiloli ta xz, a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka amince masa ya riƙa fitar da sigogi. Ɓangaren da ke kunna mugun aikin ba ya cikin rubutun da jama'a ke dubawa, an cusa shi ne a fayil ɗin da aka shirya domin rabawa.

Wannan ya nuna cewa buɗe rubutun manhaja bai isa ba. Tsakanin rubutun da ake karantawa da ƙunshin da ake saukewa akwai tazara, kuma a nan mai mugun nufi ke laɓewa. Irin haka ta faru a kamfanin SolarWinds a 2020, inda aka kutsa wurin harhaɗa manhajarsa, gurɓatacciyar siga ta isa ga abokan hulɗa kusan 18,000, har da hukumomin gwamnatin Amurka.

Yaya ake tantance ƙunshi?

Hanya ta farko ita ce bambanta laƙabi da zanen yatsa. Laƙabin da aka manna wa ƙunshi, kamar lambar siga, mai rumbu na iya mayar da shi kan wani ƙunshi dabam a kowane lokaci. Zanen yatsan kuwa doguwar lamba ce da ake lissafowa daga abin da ke ciki ta tsarin SHA-256, kuma ko harafi ɗaya aka sauya, lambar za ta sauya. Mai taka-tsantsan da ita yake saukewa.

Ta biyu ita ce sa hannu. Shirin Sigstore, wanda aka ƙaddamar a 2021 a ƙarƙashin Gidauniyar Linux tare da Google da Red Hat da Jami'ar Purdue, yana ba masu wallafawa damar sa hannu a ƙunshi, a kuma rubuta hakan a kundin da kowa zai iya dubawa. Ta uku ita ce jerin duk kayan da ke cikin ƙunshin, wanda ake kira SBOM, domin idan ɓaraka ta ɓulla a san nan take wa ta shafa.

Gwamnatoci sun fara shiga maganar. Umarnin shugaban Amurka mai lamba 14028 na Mayun 2021 ya sa wannan jeri cikin abubuwan da ake nema daga masu sayar wa gwamnati manhaja. Dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayan fasahar zamani ta fara aiki a Disamban 2024, kuma manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni a Disamban 2027.

Duk da haka, sa hannu yana tabbatar da wanda ya rufe ƙunshin ne kawai, ba ya tabbatar da gaskiyarsa. Jia Tan ma halattaccen mai fitar da siga ne a lokacin da ya yi ɓarnarsa. Shi ya sa masana ke matsa wa a kai matakin da wani dabam zai iya sake gina ƙunshin daga rubutun asali, ya samu zanen yatsa iri ɗaya da na wanda aka wallafa.