Zaɓen miksa da ma'aunin ɗaukar sauti: Abin da mai situdiyo ya kamata ya sani

Duk wanda ke shirin buɗe situdiyo a Potiskum, ko don naɗar waƙoƙin biki ko tafsirin watan Ramadan ko tallar rediyo, yana fuskantar tambayoyi biyu: wace miksa ta dijital zai saya, kuma a wane ma'auni zai riƙa ɗaukar sauti.

Ma'aunin ɗaukar sauti shi ne yawan lokutan da na'ura ke auna murya a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka ce kilohaz 48, ana nufin sau 48,000. Ƙa'idar da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon ta nuna cewa dole ma'aunin ya haura ninki biyu na sauti mafi siriri da ake son kamawa. Tun da jin ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen haz 20,000, an tsayar da kilohaz 44.1 ga faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982. Fim da talabijin kuma suna aiki da kilohaz 48.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai aika aikinsa Kano domin masu tace finafinan Kannywood su ɗora shi a kan hoto. Idan manhaja ta karanta sautin 48 a matsayin 44.1 ba tare da an sauya shi ba, gudunsa zai ragu da kusan kashi 8 cikin 100, muryar ta yi kauri, bakin mawaƙi ya saɓa da hoto.

Kilohaz 96 yana ninka girman fayil. Layi ɗaya na bit 24 yana cin kusan megabait 8.6 a minti ɗaya a kan 48, amma ya haura 17 a kan 96. Ga mai tura aiki da datar waya, wannan kuɗi ne.

Su ma miksoci sun bambanta. Behringer X32, wadda ta fito a 2012, tana aiki a kan 44.1 ko 48 kawai, yayin da Yamaha 01V96 da Allen & Heath SQ ke kaiwa 96. Sai dai kafin wannan lamba, ya kamata mai saye ya duba yawan makirufon da miksar ke ɗauka, ko tana tura kowane layi daban zuwa kwamfuta ta USB, da kuma ko za a samu mai gyara da kayan gyara a kusa. Zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta a jihar Yobe suna wajabta a tanadi sitabilaiza da batirin ajiyar wuta da murfin kare ƙura.

Ga aikin da zai ƙare a bidiyo ko YouTube, kilohaz 48 da bit 24 sun wadatar. Rarar kuɗin ta fi amfani idan aka kashe ta wajen sayen makirufo mai kyau da gyaran ɗaki don hana amsa-kuwwa.